Idon Mai Hoto a Mahaɗar Nilu Biyu

 



An nemi in yi magana a kan hoton ƙasa, wato hoton da kogi ko dutse ko gona ko daji ya cika shi maimakon fuskar mutum, da abin da irin wannan hoto yake faɗa game da zaman ɗan Adam da ƙasar da yake ci daga gare ta. Zan kai ku Hartum da Umdurman, domin a can na yi karatu kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, a can kuma na fara riƙe kyamara da niyyar aiki. Maganar da na zo da ita ɗaya ce. A bakin Nilu babu taƙin ƙasar da hannun mutum bai taɓa ba, kuma babu aikin mutum da ba kogi ne ya yanka masa lokaci ba. Mai hoton da ya kauce wa wannan domin ya samu abin ratayawa a falo, ya baro wurin bai gan shi ba.

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce gare mu. Ta nan kakanninmu suka riƙa bi zuwa Makka a ƙafa da bisa jakuna, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, da yawa kuma suka zauna har abada. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira a 1925, gumin Hausawa na cikin wanda ya raya shi. Har gobe za ka ji Hausa a bakin masunta da manoman gaɓar kogin nan. Saboda haka in na ce Nilu, ina maganar ruwan da danginmu suke sha ne.

Bari mu fara da wurin kansa. A Hartum koguna biyu suke haɗuwa, a inda mutanen gari suke kira Mugran. Farin Nilu yana tahowa daga kudu, daga wajen tafkin Biktoriya, ya ratsa fadamun Sudan ta Kudu, ya iso a gajiye, da faɗi, ba ya sauri, kuma yawan ruwansa ba ya sauyawa sosai daga wata zuwa wata. Shuɗin Nilu daga tafkin Tana yake gangarowa, daga tsaunukan Habasha, kuma halinsa daban ne. Da rani ya ja baya har yashi ya fito a tsakiyarsa. Da an shiga Yuli sai ya taso, zuwa ƙarshen Agusta da farkon Satumba ya cika ya batse, ya yi jajawur da lakar da ya kankaro daga duwatsu. Fiye da rabin ruwan da ke isa Masar a shekara daga gare shi yake. A wannan lokaci ƙarfinsa yana tokare Farin Nilu a bakin mahaɗa, ruwan kudu ya rasa hanya, ya koma baya ya malale gefe. Abin da ya raya dajin Sunut ke nan, dajin bagaruwa da ke gaɓar Farin Nilu a cikin birnin, wanda aka killace tun zamanin Turawa: itatuwan su yi watanni tsaye cikin ruwa, tsuntsayen ƙaura su sauka a kansu. Daga mahaɗar kogunan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, kafin su gauraya su wuce gaban Umdurman su nufi arewa.

Kowane baƙo wannan layi na tsakanin launi biyu yake son ɗauka, kuma mafi yawansu su tafi da hoto maras rai. Ba laifin kyamararsu ba ne. Hartum shimfiɗaɗɗen gari ne, ba tudun da za ka hau ka leƙo kogin sai bene ko gada. Daga gaɓa, abin da ido yake samu shi ne zirin ruwa, zirin ƙasa, sai sararin sama da ya cinye kashi biyu cikin uku na hoton. Ga rana. Daga hantsi zuwa la'asar haske yana zubowa daga tsakar ka, inuwa ta ɓuya ƙarƙashin ƙafa, launuka su koɗe. A Mayu da Yuni zafi ya haura digiri 40, ga kuma guguwar ƙura da suke kira habub, wadda take tasowa kamar bango ta rufe gari. Wanda yake son launin kogunan ya fito, dole ya san wata, ya san sa'a, ya tsaya rana tana bayansa ko a gefensa don kada ƙyallin ruwa ya shafe kome. Ni na fi son bayan sallar asuba, kafin iska ta taso ta yamutsa fuskar ruwa. Sannan akwai shawarar da ba mai yanke maka ita: a ina za ka aje layin da sama ta haɗu da ƙasa? In ka sauke shi ƙasa, ka ba sama girma, mutum ya zama ɗigo, hoton yana cewa Allah ne mai iko. In ka ɗaga shi sama, gaɓa ta cika hoton da kunyoyi da sawun ƙafa da bakin famfon ban ruwa, hoton yana cewa ga abin da bayin Allah suka yi da abin da aka ba su. Duka biyun gaskiya ne. Ni dai na karkata ga na biyun, don shi aka fi mantawa.

Idanu iri-iri sun kalli wannan wuri. Ranar 2 ga Satumba 1898 rundunar Ingila da Masar ƙarƙashin Kitchener ta gwabza da Ansar, mabiyan Mahadi, a filin Karari, arewa da Umdurman, aka kashe Ansar kimanin 10,000 ko fiye a safiya guda. Cikin masu kyamara a wannan rana akwai Francis Gregson, wanda ya haɗa kundin hotuna na yaƙin. A ciki akwai fili da gawarwaki, akwai ƙubbar Mahadi da igwa ta fasa. Wannan ma hoton ƙasa ne, amma na wanda ya zo karɓe ta. Ina so ɗalibai su riƙe wannan, domin ana yawan cewa hoton kogi da dutse ba ruwansa da siyasa.

Bayan samun 'yancin kai a 1956 sai ido ya sauya. Jadallah Jubara, wanda ya rayu daga 1920 zuwa 2008, ya yi wa gwamnati aikin fim da hoto shekaru masu yawa, kuma fim ɗinsa na 1960 a kan Hartum ya nuna birni mai tituna da fitilu da lambuna, birnin da yake alfahari da kansa. A 1974 ya buɗe nasa ɗakin shirya fim, Studio Gad. 'Yarsa Sara gwanar ninƙaya ce, ya kuma yi fim a kanta. Amma daga baya ɗaukar hoto a fili ya zama abin tsoro. A zamanin Umar al-Bashir sai da takardar izini ake yawo da kyamara, gadoji kuma haramun ne a ɗauke su. To, inda aka fi ganin Mugran da kyau shi ne kan gadar Farin Nilu mai haɗa Hartum da Umdurman. Ku duba wannan al'amari: mutum ya tsallaka kogin garinsu safe da yamma, amma ba shi da ikon ya aje hotonsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsara guda ta masu hoto ta koma cikin shago, tana ɗaukar amare da hoton fasfo.

Mutumin da na fi koyon tsarin aiki daga hotunansa Bafaranshe ne, Claude Iverné. A ƙarshen shekarun 1990 ya shiga Sudan yana bin tsohuwar hanyar fatake ta kwana arba'in, wadda ta haɗa Darfur da Masar. Ya koyi Larabci, ya yi ta komawa shekara da shekaru. Hotunansa na arewacin Sudan baƙi da fari ne, kuma ba sa ihu. Ba faɗuwar rana mai ja, ba raƙumi a kan tudun yashi. Bango ne, ko bukka, ko shinge, ko itace guda a fili, an ɗauke shi daga gaba, daidai tsayin idon mutum, cikin haske maras ado, a ƙasa kuma an rubuta sunan wurin da na mutanen wurin da shekara. Da farko za ka ce ba kome a ciki. Sai ka daɗe kana kallo ka ga cewa kowane abu a hoton daga ƙasar wurin aka ciro shi, ka gane irin ruwan da ake samu a nan daga irin rufin ɗakin. A 2015 ya samu lambar yabo ta Henri Cartier-Bresson, a 2017 aka nuna aikin a Faris da sunan Bilad es Sudan. Abin da ya fi ɗaga shi a idona shi ne bai tsaya kan nasa hoton ba. A 2003 ya kafa Elnour, ma'ajiyar da ta tattara aikin masu hoton Sudan kansu, irin su Rashid Mahdi na Atbara da Abbas Habiballa da shi Jadallah.

Duk da haka shi baƙo ne, kuma akwai abin da sai ɗan gari. Ala Kheir, wanda aka haifa a Nyala a 1985, injiniya ne da ya koma hoto. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu hoton Sudan a 2009, suka riƙa koyar da matasa, kuma da taimakon cibiyar Goethe aka yi makon baje hotuna mai ɗauke da sunan Mugran a 2016. Ya ɗauki tsohuwar tsakiyar Hartum da ta fara dusashewa, ya ɗauki unguwannin bakin gari inda birni yake cin karo da hamada. Su waɗannan matasa ne suka sake fito da kyamara titi da gaɓa, tun ana hararar mai ita.

Yanzu mu tsallaka Tuti, don nan ne zuciyar maganata. Tsibiri ne a daidai mahaɗar, Hartum a kudu, Umdurman a yamma, Bahri a gabas. 'Yan ƙabilar Mahas ne suka zauna a cikinsa ɗaruruwan shekaru, tun kafin a yi birnin Hartum, kuma har ƙarshen shekarun 2000, da aka yi masa gada, sai da jirgin ruwa ake shiga. Gari guda ne a tsakiya, kewaye da gonakin lemun tsami da mangwaro, da kuɓewa da lalo da ciyawar dabbobi. Kana tsaye cikin kunya kana hango dogayen benaye na gilashi a hayi. Idan ambaliya ta janye, sai ta bar sabuwar laka a gangaren gaɓa, manoma su bi ruwa a baya suna shuka, layi bayan layi, har zuwa inda ya tsaya. Wanda ya san noman fadama ya san abin da nake nufi. Hoton wannan gangare a Nuwamba yana nuna maka tarihin janyewar kogin, domin shukar sama ta girmi ta ƙasa.

Mutanen Tuti suna da tsarin tsaron ambaliya da suke kira taya. Idan ruwa ya fara hawa, sai a raba gaɓar tsibirin, kowane yanki da rumfarsa da mutanensa, a kwana ana gadi, ana cika buhuna da ƙasa. In wuri ya ɓalle a buga ganga, a yi shela a masallaci, kowa ya fito. Da haka suka tsallake babbar ambaliyar 1946, wadda har yau ake ba da labarinta, da ta 1988, da ta 2020, lokacin da ma'aunin Shuɗin Nilu a Hartum ya haura mita 17 da rabi, abin da ba a taɓa rubutawa ba. Mai hoton da ya zo a irin wannan mako yana neman gidan da ya rushe da mace mai kuka zai samu. Amma layin buhunan nan da ya bi gaɓa yana lanƙwasa tare da ita, shi ne hoton zaman mutanen Tuti da kogi, domin kowace lanƙwasa sani ne da aka gada game da inda ruwa yake fara shiga.

A gaɓar Jiref, sama kaɗan a kan Shuɗin Nilu, masu jan bulo suke. Wata shekara na je wurin ruwa bai gama sauka ba, na tarar da wani dattijo mai jin Hausa zaune kan tsohon tarin bulo. Na gaishe shi, na ce, "Baba, aiki na zo ɗauka." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka yi sammako. Kogi bai gama sauke kayansa ba." Ya ce in dawo in iska ta juya. Da na koma na ga aikin daga tushe. Ana haƙo lakar da ambaliya ta aje, a cuɗa ta da kashin dabbobi, a bar ta ta kwana. Mai bugu yana tsaye cikin rami, ya cika ƙalibin katako, ya shafe samansa da tafin hannu, yaro ya ɗauka da gudu ya kife a fili ya dawo. Bulo ya sha rana ya bushe, a jera shi ya zama ɗaki mai ƙofofin wuta a ƙasa, a shafe da taɓo, a cusa itace, hayaƙi ya kwanta a kan ruwa. Ramin da aka haƙa bana, ambaliyar baɗi ta cike shi. Daga nan na fahimci cewa jan ginin Hartum da Umdurman ƙasar Habasha ce da kogi ya yi dakonta. Haka ganuwar yaƙi ta Ansar da ke gaɓar Umdurman da lakar kogi aka gina ta, haka jiragen da ake sassaƙawa a unguwar Abu Rof da katakon bagaruwa. Hoton da na ɗauka a ranar ba fuskar kowa a ciki: sahun ɗanyen bulo ne ya taso daga ƙasan hoton ya tafi har bakin ruwa, kowane ɗaya da shatin yatsu a bayansa.

Masu zane sun riga mu gane wannan. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Umdurman a 1930, wanda gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa a 2013, ya yi shekaru yana zana itace guda, haraz, wato gawonmu, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Kamala Ibrahim Ishaq, ita ma 'yar Umdurman, tana zana mata da tsirrai har ka rasa inda jiki ya ƙare ganye ya fara. Ba wanda ya tsaya daga nesa yana sha'awar daji a cikinsu.

Abin baƙin ciki, yawancin abin da na kwatanta muku ya sauya, ko yana kan sauyawa. Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta ta kan Shuɗin Nilu a Yuli 2020, aka ƙaddamar da ita a Satumba 2025, tafkinta na ɗaukar ruwa kubik mita biliyan 74. Tana da amfani: wutar lantarki, da ruwa mai daidaito duk shekara. Amma laka tana kwantawa ne inda ruwa ya tsaya, kuma abin da ya kwanta a bayan madatsa ba zai iso Jiref ko gangaren Tuti ba. Sai kuma yaƙi, daga 15 ga Afrilu 2023. An karya gadar Shambat a Nuwamban wannan shekara. An tsare Tuti, yawancin mutanensa suka fice, masu taya suka watse. Da iskar gas ta yanke, mutane suka koma ga itace da gawayi, gatari ya shiga dajin Sunut. Ba na zargin wanda ya sari itace don ya dafa wa 'ya'yansa abinci. Amma ranar da za a sake dasa dajin nan, tambayar farko ita ce yaya yake a da, ina ya tsaya, yaya kaurinsa, har ina ruwa yake kaiwa. Hoton faɗuwar rana ba zai amsa ba. Hoton da aka ɗauka a tsanake, da sunan wuri da kwanan wata, shi zai amsa.

Sai batun ajiya. An rushe Studio Gad a 2008, kuma finafinan Jadallah sun tsira ne saboda 'yarsa ta riƙe su, cibiyar Arsenal ta Jamus ta mayar da su na kwamfuta. Shirin Sudan Memory ya kwafi dubban hotuna da takardu kafin yaƙi. Jami'ar Durham a Ingila tana da ma'ajiyar Sudan tun 1957. An wawushe gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum a cikin wannan yaƙi, kuma abin da aka kwafa aka aje a wani wuri ne ake iya dubawa yau.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu nan gida mun cika wayoyinmu da hoton biki da suna da walima, amma ku tambayi kanku wa yake da hoton kududdufin unguwarsu kafin a cike shi a yi shaguna. Kogin Jakara an rufe shi da titi a cikin Kano. Badala tana zaizayewa. Madatsar Tiga ta sauya ambaliyar fadamun Haɗeja da Nguru tun 1974, ta sauya rayuwar masunta da makiyaya da manoman shinkafa, kuma kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin hoton yadda fadamun suke kafin nan. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024, hotunan Maiduguri cikin ruwa sun cika duniya a yini guda, amma na shekarun da suka kai ga wannan rana ba su da yawa.

Ga ɗaliban da suka tambaye ni da wace kyamara za su fara, wayar da ke aljihunku ta isa. Ku zaɓi wuri guda da ƙafarku take kaiwa: bakin rafi, ko gindin Dala, ko wata gona mai gawo a hanyar garinku. Ku sami alamar da ba ta motsi, dutse ko kusurwar gini, ku tsaya a nan kowane zuwa, ku fuskanci waje guda. Ku je da bazara, ku je tsakiyar damina, ku je da kaka, ku je cikin hunturu. Kafin ku ɗaga waya ku gaida mai wurin, ku nemi izini, ku tambaye shi yaushe ruwa yake zuwa, ina yake tsayawa, me ake shukawa a da. Abin da ya faɗa ku rubuta shi tare da sunan wurin kamar yadda mutanen wurin suke kiransa, da rana da wata da shekara. Ku wanke hoton a takarda, kada ku bar shi a waya kawai. Kwafi ɗaya a gida, ɗaya wajen wani a wani gari, ɗaya kuma ku kai ma'ajiya irin Gidan Arewa da ke Kaduna ko ɗakin karatun jami'ar da ke kusa da ku, ku nemi a ba shi lamba a rubuta shi a littafi.

Shugaban taro, nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.